Shucin Jinka Zuwa Yammedi

A tashar Karaye, dattijo Malam Liti yana jiran motar Yammedi, sai wani magidanci ya sauke dammunan shuci kusa da shi.

"Sannu da kaya, bawan Allah. Na sayarwa ne?"

"A'a, Baba, gudummawa ce. Gobe akwai gayyar jinka a Yammedi, gidajen nan da wutar daji ta cinye."

"Allah ya saka da alheri. Ai gidana ta fara ci, ɗaki uku da rumbun dawa. Mun tayar da bango, amma ciyawar rufi duk ta ƙone, ga damina ta ƙarato. Daga ina kake?"

"Kafin Dafga."

"To, ta wajenku ta taso. An ce masu farautar gafiya ne."

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Mutum ɗaya ne, Baba. Hayaƙi kawai ya so ya sa wa ramin, sai iska ta juya."

Malam Liti ya gane wanda ya sa wutar ne a gabansa, sai ya dubi dammunan shucin.

"Ka iya ɗaurin jinka?"

"Na iya."

"To, ka fara da ɗakin jikokina. Har yanzu a waje suke kwana."