Nas ma tana ciwo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni nas ce a nan Nasarawo, kuma raina a ɓace yake.

Duk satin da nake aikin dare, shayi mai sukari da alawa ke riƙe min ido. In na dawo da safe ko buroshi ba na iya ɗagawa, sai katifa. Barci na fara ɗaukata sai a buga ƙofa: "Anti Nas, duba min yaron nan." Wai tunda ina gida da rana, hutu nake.

Yanzu dasashina ya kumbura, ko burodi na gatsa sai jini. Likitan haƙori ya ce zaƙi da rashin barci ne suka taru a kaina. Na gaya wa maƙwabciyata Maman Grace, ta ce, "Ke da kike asibiti?" Washegari ita ta fara buga ƙofar.

Masu sauraro, yaya zan rufe ƙofata ba a ce girman kai ba ne? Ko sai haƙoran sun zube za a yarda nas ma tana ciwo?