Kyamara Mai Dogon Baki

A tashar Boɗinga, shekarar da shinkafa ta yi ɓatan dabo a kasuwa, Alhaji Mijinyawa na jiran motar Shagari, yana hararar wani baƙo da ke ɗaura wa kyamara dogon gilashi.

"Ɗana, wanga abu bindiga ta?"

"Gilashin hoto ne, Baba. Gajere na taro ne, wannan kuwa nesa yake jawowa kusa."

"Mu akwati mai ƙafa ukku munka sani. Sai ka zamna, ka yarda, sannan a ɗauke ka."

"An wuce nan. Fim kullum ƙanƙancewa yake. Wata rana kyamara aljihu za ta shige, ba mai sanin ana ɗaukarsa."

Alhaji ya gyara zama. "Gwamnati ta aiko ka?"

"Ɗaurin aure zan ɗauka a Lambara."

"Daga bakin hanya, shina ganin cikin gida?"

"In katanga gajera ce."

"Cikin rumbu hwa? In an lulluɓe buhunna da kara?"

Baƙon ya sauke kyamarar a hankali. "Buhunan me, Baba?"

Ɗan kamasho ya ɗaga murya: Shagari, saura mutum biyu! Alhaji ya laluɓi sandarsa.

"Shiga, ɗana. Ni motar baya zan jira."