Dalilin da Ya Sa Ginin Teloli Bai Yi Tsawo Ba

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan sana'a, injiniyar da ta zana mana wannan gini, maginan da suka ɗora shi bulo bisa bulo, 'yan'uwana teloli maza da mata, da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Muna godiya da kuka amsa gayyata, muna godiya da kuka cika farfajiyar nan har kujeru suka gaza.

Da farko, bari in amsa tambayar da na ji ana raɗawa tun daga bakin ƙofa: me ya sa ginin ƙungiyarmu hawa biyu ne kacal, alhali na maƙwabta sai an ɗaga kai hula ta faɗi?

Ranar da injiniya ta shimfiɗa zanenta a kan teburin yanka, ta ce mana irin wannan gini ana kiransa lo-rayis. Mu teloli mun san kalmar, kuma ba da alheri muka san ta ba: wandon nan ne mai gajeren ƙugu, wanda ke zama ƙasa da cibiya, mai shi na tafe yana jan sa sama. Sai Baba Mai Almakashi, wanda ya koya wa rabinmu riƙe allura, ya cire tabarau ya ce, "'Yata, wandon ma na ƙi ɗinkawa, balle in tare a cikinsa."

Injiniya ta yi dariya har da dafa tebur, ta ce, "Baba, kalmar ɗaya ce, ma'anar biyu. A wando, ƙugu ne bai hau ba. A gini kuwa, benen ne bai yi nisa ba, ƙafa ta isa ta kai mutum."

Na biyu, dariyar ba ta kashe gardama ba. Matasanmu dogo suke so, mai na'urar hawa, har wasu suka ce za su bar ƙungiya, Dogo Mai Surfani ne kan gaba. Ana cikin haka wata mai tsohon ciki ta zo awo tsohon shagonsa da ke can ƙololuwar wani dogon bene mai irin wannan na'ura. Aka ɗauke wuta, na'ura ta tsaya, matar ta hau rabi da ƙafa ta zauna a matakala tana haki. Shi da kansa ya sauko da abin awo, ya auna ta a nan. Da muka sake zama, shi ya fara ɗaga hannu ya ce, "A yi gajeren."

Saboda haka ina roƙonku, ku riƙe ginin nan da tsabta, ku riƙe shi da haɗin kai. In an tashi zagaya ginin, masu ciwon gwiwa su shige gaba, yau su ne jagora.

Allah ya sa albarka a kekunanmu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya mai da kowa gida cikin aminci.

Na gode.