Mai Jar Mota a Layin Bas

A layin shiga bas a unguwar Umlazi, wata dattijuwa ta ga makullin mota a hannun saurayin da ke gabanta.

"Ɗana, ga makulli a hannu, me kake yi a layinmu?"

"Mama, motar tana gida tana hutawa."

"Ta lalace ne?"

"Ina! Lafiyarta lau. 'Yar ƙarama ce, da can mai kaɗan take sha. Ni da kaina na sa aka ƙara wa injin ƙarfi, aka ɗaura ƙaton salansa, aka rage mata tsayi. Yanzu ba ta haye tudun rage gudu, sai na zagaye unguwa kafin in isa wurin aiki. Tanki guda, kwana huɗu, ga kuɗin mai sun ƙare sai an yi albashi."

"To, ka mayar da ita yadda take mana."

"Abokai su yi mini dariya? Gara in taka da ƙafa."

"Tsaya. Ja ce? Mai harbi kamar bindiga kowace safiya a bayan coci?"

"Ita ce, Mama."

"Ashe kai ke firgita mini jika!"

"Kwantar da hankalinki, Mama. Daga yau har ƙarshen wata, ko tari ba za ta yi ba."