Mota Ɗaya Muka Shiga, Kuɗin Takarda Ya Raba Mu

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari.

Sunana Idrisa, mai gyaran injin casar shinkafa a Lafia. A Chadi aka haife ni, amma a nan na yi aure, a nan na binne mahaifiyata.

Kwanaki muka tafi sabunta takardar izinin zama da maƙwabcina Kwami, ɗan Togo. Shi ya biya nasa da kuɗin aljihu. Da aka faɗa min nawa, sai na ga ko babur ɗina na sayar ba zai kai ba.

Na ce wa ma'aikacin shige da ficen, "Oga, ko kuskure ne?"

Ya ce, "Baba, ba ni na kafa doka ba. Ƙasarsu tana cikin yarjejeniyar ƙasashen yankin nan, taku ba ta ciki."

Har muka dawo gida Kwami bai iya haɗa ido da ni ba.

Wallahi raina ya ɓaci. Duk shekarun nan ɗan gida nake ɗaukar kaina, ashe baƙo ne ni, cikin baƙin ma na baya.

Jama'a, ku ba ni shawara. In kwashi yarana zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba, ko in zauna ina ɓuya kamar ɓarawo?