Jirgin da Ba a Raba Gadonsa Ba

A bakin kogi, wani mutum yana kankare tsohon fenti daga jirgin ruwa mai inji da ya saya, sai wani dattijo mai jiran ƙetarewa ya tsaya a kansa.

"Sannu da aiki, ɗana. Me ka gyara a jikinsa?"

"Na canza katakon da ya ruɓe, Baba, na toshe ƙasan da kwalta. Injin ne kawai ya gagare ni."

"Yakan yi tari kafin ya tashi?"

"Ikon Allah! Yaya aka yi ka sani?"

"Haka ya dinga wahalar da maƙwabcina, Allah ya jiƙansa. A hannun wa ka saya?"

"Wani saurayi. Ya ce na mahaifinsa ne."

"Babban ɗansa ke nan. Ashe har an raba gadon? Ga ƙananan yara a gidan..."

Dattijon ya kama bakinsa. Mutumin kuwa, wanda ya ƙudurta fara ɗaukar fasinja gobe, ya ajiye wuƙarsa a hankali.

"Baba, nuna mini gidan."

"Ni fa tambaya kawai na yi."

"Ni ma tambaya zan yi. Ba zan hau ruwa da haƙƙin marayu a ƙarƙashina ba."