Sanyin da Rahila Ta Sayo a Birni

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, matan zumunta na Kebbe da na Tambuwal, da duk wanda takardar nan za ta shiga hannunsa. Ni ce Hannatu ta Kebbe. Ban taɓa shiga aji ba. Matar fasto ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki.

Kun san ni, ba ni tashi ba da shaida. Na sha ganin masu tashi don a ga sabon zanensu. Amma wagga, in na yi shiru na ci amanar Ubangiji.

Rahila ɗiyata ce. Malamar firamare ce a Tambuwal, can take aure. Bara da damina ta haihu, ɗa namiji, bai zo da rai ba. Na je na yi mata wankan jego yadda anka yi mini, don jikin mace bai san ɗa ya mutu ba. Ba ta yi kuka ba. Na ce mata mai bin Yesu ba ya kuka irin na marasa bege. Ta ce, "To, Inna."

Ɗa ya tafi, ciki bai koma ba. Tumbin ya tsaya mata a gaba kamar na mai juna biyu. Ta shiga kasuwa, mai nono ta ce, "Allah shi raba lafiya." Ta je makaranta, uwayen yara su ce, "Malama, har an sake? Madalla, Allah ya mayar da gurbi." Ita kuma ta ce amin. Kullum amin, a kan cikin da babu kowa a ciki.

Wata abokiyar aikinta ta nuna mata a waya wani shagon gyaran jiki a Sakkwato, inda ake rage tumbi ba wuƙa ba allura. Inji ne mai baki irin ƙahon wanzami. Ya tsotso naman ciki ya riƙe, ya sakar masa sanyin da ya fi ƙanƙara, har kitsen ya daskare ya mutu, jiki ya yi ta fitar da shi sannu a hankali. Ta ce wa mijinta taron malamai za ta. Ta je anka yi mata.

Duk wanga bayani daga baya na ji shi.

Abin da na gani shi ne, an yi hutu ta zo Kebbe a kan babur, ta sauka a duƙe. Ta ɗaura zane can sama da inda ta saba. Da za ta zauna sai da ta dafa bango.

Na ce, "Ke, mi ke damunki?"

Ta ce, "Sanyi ne, Inna."

'Yan'uwa, ba ta yi mini ƙarya ba. Amma ku ma kun sani, in macen da ta haihu ta ce sanyi, abu guda muke ji: jego bai gasu ba, sanyi ya samu ƙofa ya shige. Maganinsa kuwa wuta. Na sa ta ta buɗe cikinta. Wurin ya kumbura, ya yi baƙi-baƙi faɗin tafin hannu, ya yi tauri. Na ce lalle sanyi ne, ya ma yi gida.

Na ɗora tukunya, na zuba ganyen darbejiya, na samo tsumma mai kauri don gashi.

Hannuna ya daɗe da mutuwa a murhu, da yatsu nika ɗaukar garwashi. Saboda haka ba da hannu nika auna ruwa ba, da bakin mai jego. In ta yi ƙara ta zage ni, ruwa ya kai. In ta yi shiru, da saura. Haka uwata ta koya mini, haka na gasa matan unguwarmu, ba wadda ta lalace.

Rahila ta yi shiru.

Na ƙara itace. Ta yi shiru. Na gasa ta da safe, na gasa ta da marece. Kashegari ina danna tsumma, tururi na tashi har yana rufe mini ido, ita kuwa tana kallon rufin ɗaki tana tambayata ko jar akuyar nan ta haihu. Na ɗaga tsumma, fatar cikinta ta biyo shi.

Na ce, "Rahila, ba ki ji ba?"

Ta ce, "Ji mi, Inna?"

Na sa farce na tsunkule ta a gefen wurin. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Nan ta ɗago kai ta ga cikinta, nan kuma ta faɗa mini komai.

Na ce, "Mi ya hana ki gaya mini tun farko?"

Ta ce, "Da na gaya miki, mi za ki ce?"

Mu duka mun san abin da zan ce.

Na aika wa mijinta. Kafin ya samo mota zazzaɓi ya rufe ta. Kun san hanyarmu, kowane rami sai ni ce ke cije baki, ita ba ta ji. A Tambuwal sunka duba sunka ce a wuce Sakkwato. Can likita ya yi mana bayani. Ya ce wurin da anka daskarar yakan yi makonni ba ya jin komai, ko a hannun waɗanda sunka iya. Wadda ta yi wa Rahila kuma ba ta iya ba, sanyin kansa ya riga ya ƙona fata. Sai wuta ta zo ta hau kai.

Wata nas mai kaifin baki ta dube ni ta ce, "Inna, kaza ce kika so figewa?" Ban ji haushinta ba.

Ciwon ya ruɓe. Wari ya cika ɗakin har maƙwabtan gado na toshe hanci da mayafi. Rahila ta daina gane mijinta. Kullum safe su zo da almakashi su yanke mataccen nama, tana kwance kamar ba jikinta ake taɓawa ba. Likita ya ce za su yi ta yanka har su iske nama mai rai. In sun iske shi kusa, da sauran magana. In ruɓar ta yi zurfi ko ta gama da jini, sai haƙuri.

Wata rana da azahar na fita bayan ɗakin marasa lafiya, inda masu jinya ke girki. Wata Bafulatana da ke jinyar mijinta ta idar da sallarta, ta ga ina neman wurin durƙusawa, ta turo mini tabarmarta.

Tun da na san Ubangiji, roƙona guda ne ga marar lafiya, a ɗauke masa zafi. Ran nan bakina ya kasa faɗin haka. Na ce, "Ya Yesu, kai da anka buga wa ƙusa ka ji ta, ka yi kuka da babbar murya a gaban jama'a, ba ka ji kunya ba. Ka ba ɗiyata zafi. Ka sa ta ji. Ba ni da wani roƙo."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Na tashi gwiwoyina na ciwo, na naɗe wa matar tabarmarta. Kwanaki sunka wuce, ana yanka, Rahila shiru.

Sai wata safiya. Nas ɗin nan ta sa almakashi, Rahila ta ƙwalla ƙarar da sai da masu shara sunka leƙo. Ta damƙe wuyan hannuna tana cewa, "Inna, za ta kashe ni, ki hana ta!"

Nas ta ce, "Alhamdu lillahi. Malama, zage ni son ranki, mun iso."

Anka gama wankin ciwo, anka naɗe, kukan bai tsaya ba. Ya sake murya. Ta juya fuska wajen bango ta ce, "Ko fuskar ɗana ba ku bari na gani ba."

Na ce, "Goshin babanki gare shi. Da gashi cike da kai."

Ban ce ta yi shiru ba. Na zauna a bakin gado munka yi tare.

Ba zan yi muku ado ba. An yanko fata daga cinyarta an liƙa a cikin, tabon kamar ɗinkin ƙwarya. Tumbin da ta je cirewa yana nan, gefe guda ma ya fi da girma. Maganar wata haihuwa, likita ya ce a dakata, bai yi alkawari ba. Ni kuma na bar gashin jego. In mace ta ce muku sanyi, ku zaunar da ita ku tambaye ta wane iri, ku kuma saki fuska yadda za ta iya faɗa.

Amma Rahila na da rai. Ta koma aji, tana tsaye da ƙafafunta tana tsawata wa 'ya'yan mutane. Kabarin da na riga na gani da idon zuciyata, Ubangiji bai bari an haƙa ba. Godiya da ɗaukaka su tabbata gare shi.

Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko ba ku san abin da ya kamata ku roƙa ba. Ni amsata da ihu ta zo, na kuma karɓe ta da hannu biyu. Amin.